Iskar Gummi Ba Ta Bi Mu Kwatano Ba

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A makaranta malamai su tare ni, a gidan suna mata su tare ni, har mai niƙan unguwarmu sai da ya kashe injinsa ya leƙo ya ce, "Malama Hajara, wai ƙaƙa ƙasar waje take?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Kuma in faɗa muku tun yanzu, mai jiran labarin jirgin sama da dogayen benaye ya nemi wani aikin. A mota muka je, a mota muka dawo, har yau bayana bai yafe mini ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, Rabi 'yar yayana ce, Yaya Bello mai noman shinkafa a fadama. Wasan da take yi sunansa badminton, mu nan Gummi ƙwallon gashi muke ce masa. Ƙwallon ba wata aba ba ce, ɗan dunƙule ne mara nauyi da aka jera wa gashin tsuntsu, mutum biyu su sa raga a tsakaninsu suna bugunta da raket, wata sanda mai faffaɗan kai na saƙar zare. Wata 'yar hidimar ƙasa ce ta kawo wasan makarantar 'yan mata shekarun baya, da za ta tafi ta bar musu kayan. Sauran yara suka yi yayinsa suka watsar, Rabi ta riƙe. Kullum bayan la'asar tana filin makaranta can gefen gulbi, inda suka zana layi da toka.

An taɓa kai su wasan makarantu, shi ma a fili aka yi, wani tsohon koci ya gan ta ya tambayi sunanta. Muka manta da zancen. Kwatsam sai ga waya, wai ɗaya daga cikin 'yan matan ƙungiyar ƙasa ta gurɗe a ƙafa, ga gasa za a yi da ƙasashen maƙwabta a Kwatano, ana son Rabi ta cike gurbi. Ƙungiyar ƙasa fa! Ni kaina sai da na ce a sake kiran lambar, ko 'yan damfara ne.

Yaya Bello bai so ba. Ya kira ni zaurensa, Rabi tana durƙushe a gefe.

"Hajara, ni ban hana ta ba," ya ce. "Amma wanga abu sau guda na. In ta tai ta ci, ta ci gaba, ba ni ƙara magana. In anka cinye ta, ta dawo ta aje sandar ga ta kama karatunta. Ke za ki raka ta. Ke ad da fasfo, kuma ke ba ki iya ƙarya ba."

Fasfon na tuna da shi, na aikin Hajji ne, yana ƙasan akwati. Amma maganar ƙarshen nan ita ta bi ni har Kwatano ta dawo da ni. Na san Rabi, na san in aka raba ta da raket ɗin nan an raba ta da rabin ranta, ga shi kuma ni aka naɗa mai kawo hukunci.

Inna, mahaifiyarmu, ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da yaji, tana ta jaddada mini cewa ɗiyar nan ba ta cin abinci in tana fargaba, in riƙa tsare ta. Yaya Bello kuma ya kawo ɗan buhun shinkafar gonarsa, wai a kai wa kocin, ba a zuwa wurin malamin ɗiyarka hannu rabbana. Na ce, "Yaya, wa zai ɗauka?" Ya ce, "Mota." Ai kuwa motar ni ce.

Daga Gummi ba a sammako yanzu, kun sani. Sai rana ta ɗaga, motoci sun taru, sannan a kama hanya a jere. Direbanmu mutumin Adabka ne, bakinsa ba ya shiru, ya ba mu labarin farashin taki, da rigimarsa da surukinsa, da yadda taya ke ci masa rai. Amma muna wuce mahaɗar Bukkuyum ya kashe rediyo ya yi tsit. Kowa a motar leɓensa ne kawai ke motsi. Ni dai na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba na wurin ba. Sai da muka hango rufin kwanon Anka aka ji wani ya yi gyaran murya, direba ya ɗora zancen surukinsa daga inda ya tsaya.

A shingen shiga Anka wani jami'i ya ga doguwar jakar da Rabi ta rungume, ya ce a buɗe. Wani mai haƙar zinare da ke bayanmu, ƙafafunsa fari fat da ƙura, tun daga Gummi yake zungurin abokinsa yana cewa na'urar gano zinare ce. Rabi ta zuge jakar. Jami'in ya zaro raket, ya juya shi, ya kai wa iska bugu, ya ce, "Ina wurin caji? Ba na kashe sauro ba ne?" Motar ta kwashe da dariya. Rabi ta ce a hankali, "Na wasa na, ƙasa za ni wakilta." Aka ƙara wata dariyar. Ban ji daɗi ba, wallahi, amma ban tanka ba, don wuri ne da ba a doguwar magana.

Babbar motar da muka shiga daga Gusau zuwa Legas ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Kujerata ba ta kwanciya, maƙwabciyata 'yar kasuwa ce mai busasshen kifi, buhun shinkafa kuma yana ƙarƙashin ƙafata don na ƙi yarda a jefa shi cikin kaya. Bayan Kontagora motar ta yi tari ta mutu. Muka zauna bakin titi muna kallon yaran mota suna shiga ƙarƙashinta suna fitowa baƙi ƙirin, kowa na ba su shawara. Wannan lalacewar ita ta cuce mu, don an shirya 'yan wasa za su yi atisaye tare a Legas kafin a tashi. Mu da muka isa, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura, sai muka tarar ana ɗora jakunkuna a motar ƙetarawa. Rabi ko raket ba ta zaro ba.

Nan na fara ganin Koci, mai horar da ƙungiyar. Dogon dattijo ne mutumin wajen Zariya, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, gwiwar ta tafi tun zamanin da yake buga wa ƙasa. Na miƙa masa shinkafa da gaisuwar Yaya Bello. Ya kalli buhun, ya ce tunda yake koyar da yara ba a taɓa aiko masa da ko ƙwayar gero ba. Sai dai ba shi da inda zai ajiye, don haka buhun ya sake bin mu.

A hanyar iyaka na zauna kusa da shi, na ce, "Koci, tsakani da Allah, wannan ƙungiyar taku ta taɓa cin wani abu? Ni dai ban taɓa jin ku a rediyo ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Hajiya, a Afirka in ana lissafin masu ƙwallon gashi, ba a kai yatsa na uku ba a ambace mu ba. Mun ɗauki kofin nahiya, ba sau ɗaya ba. A zamaninmu mu da Afirka ta Kudu ne, yau su ci mu, gobe mu ci su. Ga wani ɗan tsibiri, Morishas, da bai kai wata ƙaramar hukumarku ba, amma ya sha hana mu barci. Yanzu kuma Masar da Aljeriya sun taso, suna da ɗakunan wasa, suna tura yaransu waje."

Na ce, "To a duniya fa?"

"A duniya," ya ce, "mukan samu mutum ɗaya ko biyu su kai babban wasan nan na Olamfik. Sai a haɗa su da ɗan Sin ko ɗan Indunusiya, yaron da aka ba raket tun kafin a yaye shi. Kafin ka gyara zama an gama. Lamba dai ba mu taɓa kawowa daga can ba." Ya shafa gwiwarsa. "Akwai shekarun da muka cancanci zuwa gasa, aka ce ba kuɗin tafiya, muka zauna gida aka ba wasu gurbinmu. Akwai shekarar da muka dawo da kofi, muka sauka ba wanda ya zo tarbarmu. A jakar buhu na sa shi na shiga motar haya. Yaron mota har cewa ya yi in biya kuɗin kaya."

Na dubi Rabi, ta kafa kunne tana sauraro, idonta na ƙyalli, kamar ba labarin wahala ake bayarwa ba. Raina ya ce, wannan yarinya ta riga ta tafi.

A iyaka mun sha tsayuwa. A duba fasfo, a duba katin rigakafi, a sake duba fasfo. Da aka zo kan kaya wani ma'aikaci ya taɓa buhuna ya ce mene ne, na ce shinkafa. Ya ce daga ina zuwa ina? Na ce daga Gummi zuwa Kwatano. Sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira, suka taru a kaina suna ƙyaƙyata dariya. Wai tunda suke aiki a nan, shinkafa daga can take shigowa nan, a ɓoye ma, ba su taɓa ganin wanda ya ɗauki shinkafa ya fita da ita ba. Ɗaya ya ɗebi 'yar kaɗan a tafinsa ya shinshina. Na ce masa, "Shinshina da kyau, ɗana, wannan ba ta kwana a jirgin ruwa ba." Suka ɗaure mini buhun da kansu suka ce in sauka lafiya.

Kwatano gari ne na babura. Masu acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, mata kuma da kansu suke tuƙa nasu, da ɗan goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, a ce "bonju" a wuce. Ni da na saba in tambayi gida da yara da gajiya da ruwa, sai na riƙa jin kamar kowa fushi yake da ni. Da rana tsaka kuma sai a rufe shaguna a tafi cin abinci, mai saye ya jira. A Gummi mai shago ko sallah zai je sai ya bar wani ya tsare masa.

Masaukin ba laifi, sai dai ba buta. Na yi wa mai kula da ɗakuna kwatance da hannu har na gaji, ta tafi ta dawo mini da butar shayi da kofi. Robar ruwa na yanke na yi ta fama. Abinci kuwa, da safe wani dogon burodi mai tauri da ke fasa dasashi, da rana wani tuwon masara mai tsami da kifi da barkono. Rabi ta taɓa ta ture, kamar yadda Inna ta faɗa. Da na ga abin zai yi yawa na hau acaɓa na ce a kai ni Zango, unguwar Hausawa. Can na samu wata mai tuwo, ina buɗe baki ta ajiye mara ta ce, "Ke, mutunniyar ina ta?" Na ce Gummi. Ashe kakarta 'yar Bukkuyum ce, ita ko ba ta taɓa zuwa ba. Ta riƙe hannuna tana tambayata ko gaske ne gulbin yana cika har ya shiga gari. Da izinin Koci na ɗebo mata daga buhun nan, ta tuƙa mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Ranar Rabi ta ci har ta suɗe hannu, 'yan ƙungiya ma suka sa hannu, buhun dai ya yi amfani.

Yanzu ga ɗakin wasan. Babban ɗaki ne rufaffe, ƙasansa kore, fitilu a sama. Ga fankoki a jere amma ba wadda ke juyawa, tagogi duk a garƙame. Zafi kamar ɗakin gasa burodi. Ana wasan maza ina zaune zufa tana bin bayana, na ce a raina wane irin rowa ce wannan, ga wuta amma a hana mutane iska? Na hango wata ƙofa a gefe, na tashi na tura ta. Wayyo, wata iska mai sanyi ta teku ta shigo, har na lumshe ido.

Sai na ji ɗakin ya yi tsit. Alƙalin wasa daga kan doguwar kujerarsa ya ɗaga hannu, 'yan wasa sun tsaya, kowa ni yake kallo. Wani mai gadi gajere mai ƙaton ciki ya taho da gudu yana "Madam! Madam!", ya ja ƙofar ya rufe, yana ta zuba mini Faransanci. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Koci ya ɗingiso ya kama ni da magana a hankali, ya ce, "Hajiya, a wasan nan ba a barin iska ta shigo ko kaɗan. Ƙwallon ba ta da nauyi, numfashin ƙofa ma karkatar da ita yake. Shi ya sa aka kashe fanka."

Na koma na zauna ina borin kunya. Sai na ga Rabi ta zuba wa Koci ido, fuskarta ta canja. Da ya tafi ta matso ta ce, "Gwaggo, ba iska ko kaɗan?"

Na ce, "Kin dai ji. Ai sauƙi ne gare ki."

"Gwaggo, ni da iska nika wasa."

Ta yi mini bayani. A filinsu, kullum bayan la'asar iska daga gulbi take tasowa, gefe guda take bi. In tana son ƙwallo ta sauka a kan layi, sai ta buga ta waje da layin kamar kamu ɗaya, iska ta ɗauko ta ta ajiye mata a ciki. In an juya gefe, ita ma ta juya lissafinta. Shekara da shekaru haka take yi, shi ya sa ba mai iya tare bugunta a gida. Ɗan gwajin da aka ba su da safe ta ga ƙwallonta na fita, ita da Koci duk suka ɗauka fargaba ce.

Na ce, "To ki daina mana, ki buga ciki."

Ta ce, "Hannun ne ya saba, Gwaggo, ba ni ba."

Aka kira sunanta da sunan ƙasa. Na ga 'yar yayana da ɗankwalinta da dogon wandonta ta shiga tsakiyar fitilun nan, sai na ji hawaye ya zo mini, ban san daga ina ba. Abokiyar karawarta 'yar masu masauki ce, ba ta kai Rabi tsawo ba, ba ta kai ta gudu ba, wannan ko makaho ya gani. Rabi ta ɗaga raket ta kai bugu mai kyau can kusurwa. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar, ba abin da ya taɓa ta, ta sauka daidai inda aka aike ta, waje da layi. Mai duba layi ya ware hannuwansa biyu, alamar ta fita. Ta sake, ya sake warewa. Ta sake.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar nan ba ta daɗe ba ta gane. Sai ta daina bin ƙwallon. Rabi za ta yi tsalle ta zuba duk ƙarfinta, ita ko ta sauke raket ta tsaya tana kallo har ta faɗi waje. Koci yana ta nuna wa Rabi da hannu ta shigo ciki. Da ta matsa wa kanta ta shigo, sai ta riƙa ajiye ƙwallo a tsakiyar fili, a gaban yarinyar, ita kuma ta make ta. Da wasa ya ɗau zafi kuma hannun ya koma abin da ya sani.

A zagaye na biyu ta ɗan farfaɗo, ta riƙa sakin ƙwallo a hankali a bakin raga, ta tara maki har 'yan ƙungiyarmu suka miƙe suna kiran sunanta. Sai yarinyar ta tura ta baya, inda dole ta yi dogon bugu. Hannuwan mai duba layin nan suka sake warewa. Ban san lokacin da na tashi ba. Ƙafafuna suka kai ni wajen ƙofar nan, zuciyata na cewa ko kaɗan ne, ko na bugu biyu, a ba Rabi iskarta. Ina isa na tarar da mai gadin ya riga ni, ya jingina bayansa da ƙofar ya harɗe hannu. Ya kaɗa mini yatsa. Sannan ya dubi fuskata, ya dubi fili, ya jawo kujerarsa ya ajiye mini. A kanta na zauna na ga ƙarshen wasan. An cinye Rabi.

Sauran 'yan ƙungiya suka ci nasu wasannin, aka haɗa lissafi, ƙasarmu ce ta zo ta ɗaya. Aka jera su aka rataya wa kowa lamba, har da Rabi, don ƙa'idar ke nan, duk wanda ke cikin ƙungiya yana samu. Ana ta hoto ana tsalle, ita tana tsaye a ƙarshen layi kamar wadda aka aiko. Koci ya ja ni gefe ya ce, "Ƙafarta ta fi ta kowa a nan, amma hannun na fili ne. In ta samu bango huɗu da rufi ta yi wata da watanni tana bugu, zan sake dubanta. Ba alkawari na yi ba." Na ce, "Koci, a Gummi?" Ya ɗaga kafaɗa.

Dawowa ta fi zuwa tsawo. Rabi ta cusa lambar cikin safa ta tura ƙasan jaka, ba ta ƙara dubanta ba. Ni kuwa tun daga iyaka nake saƙa da warwara. Da muka baro Anka, mota ta yi shirun nan nata, na raɗa mata, "Ƙungiya ta ci, ke kuma kina cikin ƙungiya, ga lamba. In babanki ya tambaye ni, abin da zan ce ke nan. Ba ƙarya a ciki." Ta juya tana kallon daji.

Labari ya riga mu isa ta waya. Muka tarar da gida cike, ana guɗa, Inna ta rungume Rabi tana cewa ta rame. Aka zazzage jaka aka fito da lamba, tana yawo hannu zuwa hannu, wata har da gwada ta da haƙori. Yaya Bello ya shigo daga fadama da taɓo har gwiwa. Aka miƙa masa, ya juya ta gaba da baya, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Hajara, ta ci?"

Na shirya maganata tsaf. Ban kai ga buɗe baki ba Rabi ta durƙusa.

"Baba, ƙungiya ta ci. Ni an cinye ni."

Ta zaro raket daga jaka ta ajiye a gabansa. Guɗa ta tsaya. Ni dai na ji kunya, na kuma ji haushi, duk wahalar da na sha a hanya ta taso mini lokaci guda.

"Wadda tac cinye ki, ƙarfi tah hi ki, ko gudu?" ya ce.

Ta ce ba ko ɗaya, ta ba shi labarin ɗakin da ba iska, da yadda hannunta ke aika ƙwallo waje yana jiran gulbi ya dawo da ita. Ya sake juya lambar a hannunsa. Can ya ce, "Kamar mai shiƙa ran da iska ta ɗauke." Ya sunkuya ya ɗauki raket ya shige ɗakinsa da shi.

Magana ta tabbata ke nan. Rabi ta koma karatu, la'asar ta yi tana gida tana tankaɗe ko wanki, ba ta kuka, ba ta kuma dariya. Ni ma na ɗauke ƙafa daga gidan, don ba na son ganinta haka.

Bayan 'yan kasuwa sun kwashe shinkafar bana, Inna ta aike ni wurin Yaya Bello, aka ce yana sitonsa na bakin kasuwa. Na same shi a kan tsani, sito wayam, yana cusa tsofaffin buhuna a ramukan da ke tsakanin bango da kwano. A ƙasa an share, an zana layi da toka, an ɗaure igiya daga bango zuwa bango. Raket yana jingine a gefe.

Na ce, "Yaya, ba kai ka ce in an cinye ta ta ajiye ba?"

Bai ko waiwayo ba. "Ni nac ce ta aje, kuma ta aje. Ni kuma nad ɗauko nam maida mata. Akwai mai magana?" Ya tura wani buhun da ƙarfi. "Zuwa kaka dai. In shinkafa ta shigo, ta san inda za ta nuhwa."

Kada ku ɗauka wani abin kirki ne. Rufin gajere ne, in ta ɗaga ƙwallo sama sai ta daki kwano. Ga ɓeraye, ga ƙaiƙayi, ga zafin da ya fi na Kwatano. Koci kuma har yau bai kira ba, ban sani ba ko zai kira.

Shekaranjiya bayan la'asar na bi ta wurin. Tun daga nesa nake jin tas, tas, ita da wata ƙawarta a ciki. Iskar gulbi ta taso tana kaɗa mini mayafi. Yaya Bello yana zaune a kan buhu a bakin sito, ya bar aikin fadama, yana jan carbi. Na gaishe shi, na kai hannu zan tura ƙofa in leƙa, ko sau ɗaya in ga inda ƙwallon ke sauka yanzu. Ya miƙo sandarsa ya tare ni.

"Hajara," ya ce, "kak ki buɗe."